Yashi a Ƙarƙashin Madubi

Aikina yankan nama ne a asibitin Wad Madani,
amma ba irin na mahauta ba.
Tsoka kamar ƙwayar gyaɗa ake miƙo mini a kwalba,
in daskarar da ita cikin kaki,
in fere ta har ta fi ɓawon albasa rashin kauri,
in shimfiɗa a gilashi, in rina, in rubuta lamba.

Ranar Talata aka kawo ta Baba Jatau,
masunci daga Mai Wurno.
Kullutu ne a cinyarsa ta hagu,
shekara uku yana zaune, ba zafi, ba ruwa.
Baƙona, haka yake kiransa.
Sai da baƙo ya fara hana shi tsuguno a kwale-kwale
'yarsa Talle ta sa shi a mota.

Dakta Tahani ta daɗe da ido a madubi.
Ta ce, zo ki gani.
Na duba: kowace ƙwayar halitta cike take da tsaki-tsaki,
kamar wani ya ɗebo yashin bakin kogi
ya ɗura mata har wuya.
Ta ce, daga rigar jijiya irin wannan ke tsirowa,
in kin tara ɗari, kusan duka salihai ne,
a cire, a ɗinke, mutum ya koma gida.

Sai ta fara ƙirga da yatsa.
Ga wurin da nama ya mutu a tsakiya, ɗaya.
Ga waɗanda suka miƙe suka zama mazari, biyu.
Ga masu ƙaton ido suna zare mana shi, uku.
Ga wata tana tsagewa biyu, ga wata, ga wata kuma.
A na huɗu ta cire tabarau
ta goge shi da bakin mayafi, alhali ba datti.

Muka sake rini, ya fito ruwan ƙasa, ya amsa sunansa.
Aka laluba matsematsi, aka sami kaluluwa mai tauri.
Aka ɗauki hoton ƙirji.
Da aka ɗaga shi ga haske,
sai ga ɗigo-ɗigo a huhu,
kamar geron da ya zube daga ɓulallen buhu
ya bi hanya yana nuna inda aka wuce.

Baba Jatau yana jin Larabci sarai,
da shi yake cinikin kifi a Sinnar.
Amma ya ce, wannan magana
a faɗa mini da harshen da uwata ta yi mini faɗa.
Aka waiwayo ni.

Na nemi kalma, bakina ya bushe.
Ciwon daji ta yi faɗi da yawa, kamar taru a kan kifi guda.
Na ce, Baba, baƙonka ya hayayyafa,
'ya'yansa sun haye ƙetare.
Ya ce, da nisa?
Na ɗora hannu a ƙirjina.

Ya yi shiru, Talle ta kama gefen gado.
Can ya ce, tambayar mini likita,
sau nawa ta taɓa kama irinsa?
Dakta ta ce, shekara goma sha tara, wannan ne na fari.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
To, ki ce mata ta yi babban kamu,
kada ta sayar da arha.

An sa ranar aiki, Lahadi ta sama.
Gilashinsa na aljihun tebur na uku, lamba ɗari bakwai da shida.
Ɗalibai na zuwa layi-layi su leƙa.
Da yamma na bi ta bakin kogi zuwa gida,
na zauna a dakali na cire takalmi,
na daɗe ina kakkaɓe shi.